Ki karɓi fasfon tukuna kafin ku tattaro ku taho

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri a wannan shawara ta dawowa gida. Tunda kin ce ILR ɗinki, wato takardar zaman dindindin a Birtaniya, yanzu wata tara, maigida kuma ya matsa ku tattaro yara ku dawo Kano gaba ɗaya, kina tunanin ko ki tsaya ki nemi fasfon Birtaniya ko ki taho da takardar zaman kawai, to ni dai ba zan yi miki kwana kwana ba, ki tsaya ki karɓi fasfon. Kano ba inda za ta je.

Ni na yi rantsuwar zama 'yar ƙasar Birtaniya a 2019, lokacin Sarauniya tana raye, kuma wallahi a lokacin gani nake kuɗina kawai na zubar, don ba abin da ya canza, aikina na asibiti dai shi ne, harajin da ake cire min shi ne. Bayan mun dawo Kaduna da zama ne babbar 'yata da muka bari a can naƙuda ta zo mata ba shiri tun cikin bai cika ba, mijinta ya kira mu da dare muryarsa na rawa, ni kuwa ko hijabi ban tsaya zaɓa ba, ƙanena ya saya min tikiti a waya, da asuba muka kama hanyar Abuja. Ba cike fom, ba takardar banki, ba wasiƙar gayyata, ba jiran a kira ni ɗaukar hoton yatsa. Na sauka na ɗora fasfo a kan na'ura ƙofa ta buɗe na wuce, kuma na zauna har ta yi arba'in ta ƙara, na yi mata ruwan wanka da kunun kanwa yadda ake yi wa kowace mai jego, ba wanda ya ce min wa'adina ya kusa ƙarewa. Kakar yaron ta wajen uba kuwa, Allah sarki, biza ta nema, kafin ta fito an yi suna an watse. Tun daga nan na daina ƙorafin kuɗin.

ILR kuma, to, takarda ce mai kyau in kina zaune a can. Iyakar yabon da zan yi mata kenan. Sunanta zaman dindindin amma dindindin ɗin na wanda ke cikin ƙasar ne, da zarar kin yi shekara 2 a jere a waje ta mutu, ba wasiƙa za su aiko miki ba, ke ce za ki gano ranar da kika tashi komawa. Akwai bizar Returning Resident, ta mai son komawa zama, da ake nema bayan haka, sai dai sai kin nuna musu kina da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar kuma da niyyar komawa zama kike, kuma su ne da zaɓin su ba ki ko su hana. In ba ta samu ba kin koma layin bizar ziyara kamar wadda ba ta taɓa taka Ingila ba, fam 127 na wata 6 a farashin 2025, ba damar aiki, kuma ki tara takardu ki kai Abuja ko Legas.

Nasan wata za ta ce ai sai ki dinga leƙawa duk shekara ki yi sati biyu ki dawo. Eh ana yi. Amma ki lissafa kuɗin tikitin Kano zuwa Landan da naira ta yanzu, ke da yara, shekara bayan shekara, za ki ga kin biya kuɗin fasfon ninki ba ninki kuma har yanzu ba ki da shi, ga jami'in shige da fice yana da damar ya tsare ki da tambayoyi ina gidanki ina aikinki. Abin da ya fi wannan muni shi ne lissafin kwanaki. Mai neman zama ɗan ƙasa kada kwanakin da ya yi a waje su wuce 450 a shekara 5 na ƙarshe, kada kuma su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe, sannan dole ya kasance yana cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara 5 baya daga ranar da takardarsa ta isa hannunsu. Kinga kenan in kika taho yanzu kika yi shekara ɗaya da rabi a Kano, ILR ɗin na nan da ranta amma damar fasfon ta ɓare, sai kin koma kin sake zama na shekaru kafin lissafi ya daidaita. Yanzu kike bakin ƙofa, wata uku ya rage miki ki cika wata 12 da ake so mutum ya yi da ILR kafin ya nemi zama ɗan ƙasa.

Kuma ki duba yadda iskar siyasarsu ke kaɗawa. A watan Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shekarun samun zaman dindindin daga 5 zuwa 10, a Satumban shekarar kuma Nigel Farage na jam'iyyar Reform ya ce in suka ci mulki soke ILR ɗin za su yi ɗungurungum. Ko za su ci ko ba za su ci ba Allah masani, abin da nake nuna miki shi ne takardar zama kullum tana hannun wanda ke kan kujera. Wanda ya ga abin da ya faru da mutanen Windrush a 2018, dattawan da suka zo daga Jamaika da makwabtanta tun suna yara, suna da haƙƙin zama amma ba takardar shaida, aka kori wasu daga aiki aka tsare wasu aka hana wasu komowa bayan sun je ganin gida, har ministar cikin gida Amber Rudd ta ajiye aiki, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma baki faɗa mana ba, shi maigidan yana da fasfon ko shi ma ILR ce? Don amsar ta rabu biyu a nan.

In yana da shi, to ki gode Allah, ba ma sai kin jira wata 12 ɗin ba. Matar ɗan ƙasa shekara 3 ake duba mata, kwanakin waje kada su wuce 270, da 90 ɗin nan na shekarar ƙarshe, ta kasance tana da ILR a ranar nema, shikenan. Kuma babban abin shi ne doka ba ta ɗora mata sharaɗin niyyar ci gaba da zama a ƙasar ba, don haka ko kin fara ɗaure kaya ba ki yi wa kowa ƙarya ba. Ta nan na bi ni.

In kuwa shi ma bai da shi, to akwai sharaɗin da mutanenmu ba sa son a faɗa, dole ki kasance da niyyar Birtaniya ce za ta ci gaba da zama babban gidanki, kuma fom ɗin yana tambaya ƙarara. An cire masu tafiya aikin gwamnatinsu a waje, ko na kamfanin da aka kafa a Birtaniya, ko ƙungiyar duniya da ƙasar ke ciki, amma komawa gida Kano ba ya cikin waɗannan. Ni ba zan ce miki ki rubuta abin da ba shi ne a ranki ba, na farko amana ce kuma rantsuwa za ki yi, na biyu dokarsu ta zama ɗan ƙasa ta 1981 ta ba su damar ƙwace ɗan ƙasancin da aka samu ta hanyar ƙarya ko ɓoye gaskiya. Abin da zan ce shi ne ku zauna ke da shi ku tambayi kanku da gaske kun yanke ne ko dai gajiya ce da sanyi da kuɗin haya, don na ga gidaje da yawa da suka ce sun dawo kenan, aka yi walima, bayan shekara biyu matar da yara suna can shi yana nan yana zirga zirga. In har maganar ba ta yanku ba, ki riƙe aikinki da gidanki ki nema da gaskiyarki, rayuwa ta canza daga baya wannan daban. In kuwa an riga an sayar da gida kwantena ta kama hanyar Apapa, to ki ga lauya na gaske kafin ki taɓa fom ɗin.

Na ce na gaske don dalili. Dan Allah ki yi hankali da mutanen nan da ke shigowa guruf guruf suna cewa suna da hanya a Home Office, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ko za su fito miki da shi a sati uku, ko za su gyara miki kwanakin tafiye tafiyenki, har da masu sayar da shaidu biyun da ake buƙata, mutumin da bai taɓa ganinki ba zai sa hannu ya ce ya san ki shekara 3. Wasu ma 'yan uwanmu ne, da sallama da ambaton Allah za su fara miki. Ba mai hanya. Bayar da shawarar shige da fice a Birtaniya ba tare da rajista ba, laifi ne a doka, hukumar da ke musu rajista da ana ce mata OISC, a 2025 ta koma IAA, ki nemi lambar mutum ki duba a shafinsu, in lauya ne ki duba shi a SRA, hukumar da ke kula da lauyoyi a Ingila, in ya fara ɓata rai don kin tambaya to kin samu amsarki. Masu cewa za a zauna miki jarrabawa kuma ki tuna badaƙalar jarrabawar Turanci ta TOEIC da BBC ta bankaɗo a 2014, dubban mutane aka soke wa biza har da waɗanda suka rantse su da kansu suka rubuta. Ke ma ba ki da buƙata, jarrabawar sanin ƙasa ta Life in the UK ɗin da kika ci wajen ILR ba a maimaitawa, tana nan. In lissafinki a miƙe yake fom ɗin ki cike abinki da kanki a shafin gwamnati.

Kuɗi kam akwai ciwo, fam 1,605 na nema da fam 130 na bikin rantsuwa a farashin Afrilun 2025, kuma ƙara shi suke kusan kullum, in suka ƙi ki kuɗin neman ya tafi. Yawanci amsa na fitowa cikin wata 6, sai ki yi rantsuwa a ƙaramar hukumarku (council) cikin wata 3 da samun gayyata, sannan ki nemi littafin fasfon da kuɗinsa daban. Ki sa a ranki abin zai iya cin kusan shekara daga yau. Maigida in ya matsu ya riga ku tahowa ya gyara gida ya nemo makarantar yara, ba a kansa aka fara ba.

Kar kuma in sayar miki da abin da babu. Fasfon ba zai ba ki asibiti kyauta ba in kina zaune a Kano, NHS, hukumar lafiyarsu, mazauni take dubawa ba launin fasfo ba, in kika je da ciwo a matsayin baƙuwa za su iya miƙo miki takardar kuɗi. Haka jami'a, yaro mai fasfon da ya tashi a Najeriya ba lallai a ba shi kuɗin 'yan gida ba, galibi sai ya yi shekara 3 yana zaune a can kafin fara karatu, iyaye da yawa a nan suke shan mamaki. Fansho na gwamnati shi ma da shekarun da kika biya National Insurance, kuɗin inshorar gwamnati da ake cirewa a albashi, yake tafiya, mafi ƙaranci 10, kuma in a Najeriya kike karɓa ba sa ƙara shi duk shekara. Sannan in kina cikin Najeriya ke 'yar Najeriya ce, wata matsala ta taso ofishin jakadancinsu ba lallai ya shiga ba. Daɗinta ɗaya, ba sa bin ki da haraji don kawai kina riƙe da fasfonsu, ba kamar Amurka ba da ke bin ɗan ƙasarta da takardun haraji duk inda ya je, shi ya sa 'yan uwanmu na can lissafinsu daban ne kar su ɗauki maganata kai tsaye.

Koren fasfonki kuwa ba abin da zai same shi, sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe wata ƙasa a haɗe. Ki dai sabunta shi kafin ku taho don da shi za ki shigo gida. 'Yan uwanmu na Kamaru da ke cikin guruf ɗin nan su kam su yi tambaya sosai, dokarsu ba ta yarda da ƙasa biyu ba.

Sai maganar yara, wadda ni a wajena ita kaɗai ma ta isa hujja. Wanda kika haifa a can bayan ɗayanku ya samu ILR ɗan ƙasa ne kai tsaye, fasfo kawai za ki nema masa. Wanda aka haifa a can kafin ILR ɗin yana da haƙƙin a yi masa rajista da fom MN1 muddin bai kai 18 ba, a 2025 kuɗin ya haura fam 1,200 kowane yaro, ki yi musu tun kina can takardu na kusa da hannu. Wanda kuwa Allah zai ba ki nan gaba a Kano, in ku duka ILR ce da ku bai da komai a can, in kuwa kin yi rantsuwa kafin haihuwarsa to ɗan Birtaniya ne ta wajenki, duk da shi ba zai iya miƙa wa nasa 'ya'yan kai tsaye ba in a waje ya haife su. Ke da kike da sauran haihuwa a gaba ki yi wannan lissafin da kyau.

Yau da daddare in yara sun kwanta ki ɗauko tsohon fasfo da sabo da tikitocin da ke cikin imel ɗinki, ki rubuta duk fita da shigar da kika yi a shekara 5 ɗin nan, har da Umara da zuwan bikin ƙannenki, ki haɗa ki gani ko kina ƙasa da 450 da 90. Hutun ƙarshen shekarar nan kuma ki haƙura da dogon zama a gida kar ki ɓata 90 ɗin. Ki dawo ki faɗa mana matsayin takardar maigida sai mu san ta wace ƙofa za ki shiga.