Wane sinadarin kanabinoyid (mai aiki irin na sinadaran tabar wiwi) za a saya don binciken raɗaɗi a kan ɓeraye?

Masu digiri na biyu a Katsina kan zuba kuɗinsu duka a kan sinadari mai kunna makarɓa (wurin da sinadarin ke kamawa a jikin ƙwayar halitta; na kanabinoyid biyu ne, CB1 da CB2), su manta da mai toshe ta. Idan babu mai toshewa, ba yadda za a yi ka nuna cewa ta CB1 ko ta CB2 raɗaɗin ya ragu, kuma mai duba kundinka zai tambaya.

WIN 55,212-2 da CP 55,940 suna kunna makarɓun biyu. Suna da ƙarfi, an kuma yi rubuce-rubuce da yawa a kansu. Matsalarsu CB1 ce ta cikin ƙwaƙwalwa: ɓera kan sandare, jikinsa ya yi sanyi, motsinsa ya ragu. Ka ɗora shi a kan faranti mai zafin digiri 55, ya daɗe bai lashi ƙafa ba, ka rubuta cewa raɗaɗi ya ragu, alhali kasala ce ta hana shi. Wanda ya zaɓi waɗannan sai ya haɗa da gwajin sanda mai juyawa, wanda ke nuna ko ɓeran na iya motsi yadda ya kamata. Idan da hali, a sayi WIN 55,212-3 domin kwatantawa, tunda shi ba ya kunna makarɓun.

Ga mai binciken raɗaɗin kumburi ko na jijiya, na fi son JWH-133. Ya fi son CB2 a kan CB1 kusan sau 200, saboda haka ba ya kwantar da ɓera. A haɗa shi da AM630, mai toshe CB2. AM1241 kuwa, wani mai kunna CB2, aikinsa kan sauya daga gwaji zuwa gwaji, ban ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba. Mai neman CB1 zalla ya ɗauki ACEA mai kunna ta da AM251 mai toshe ta, amma ACEA na saurin lalacewa a jiki.

Duk ba sa narkewa a ruwa. Ana fara narkar da su a etanol, a ƙara Cremophor (wani sinadari mai taimaka musu gaurayuwa da ruwa), sannan ruwan gishiri, kashi 1:1:18. Idan aka fara da ruwan gishiri, garin sai ya dunƙule. A yi aiki da kwalbar gilashi, domin suna maƙalewa a jikin roba.

Kafin a biya kamfanin da ke sayar da su, Tocris ko Cayman Chemical, a nemi takardar ingancin kayan, a kammala izinin shigowa na NAFDAC, domin wasunsu na ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi. A kuma tabbata firizar digiri 20 ƙasa da sifili tana kan sola ko janareta, don zafin Afrilu a Katsina yakan wuce digiri 40.