Engineer goby: kifi mai ƙwari, amma ya rushe mini duwatsun tanki

Wajen ƙwari, kifin nan na ado da ake ajiyewa a tankin gilashi mai ruwan gishiri, wanda masu shago ke kira engineer goby, ya cancanci yabo. Gishirin ruwa a 1.024 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi digiri 25 zuwa 26, shi ke nan, ba ya laulayi. Yankakken jatan lande, naman kifi, busasshen abinci mai nutsewa, duk yana karɓa. Asalinsa wuraren murjani (wata halittar teku mai kama da dutse) marasa zurfi ne a yammacin tekun Pasifik, daga Filifin zuwa tsibiran Solomon, kuma a littattafan kimiyya sunansa Pholidichthys leucotaenia.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne abin da mai shagon da ya sayar mini da shi ya ɓoye. Ana kawo su ƙanana, santimita 5 ko 6, baƙaƙe da farin layi daga kai zuwa wutsiya, suna iyo a rukuni gwanin sha'awa, kamanninsu ɗaya da wata tarwaɗar teku mai dafi. Da sun girma layin sai ya kakkarye ya zama ɗigo-ɗigo da zane a tsaye, jiki ya miƙe kamar na gaiwa, ya kai santimita 30. Daga nan sai haƙa. Da baki yake ɗebo yashi a ƙarƙashin dutse ya tofar a waje, dare da rana.

To yaran shagon da suka haɗa mini tankin, yashi suka fara zubawa, sannan suka jera duwatsu a kansa. Kifi ya kwashe yashin da ke riƙe da dutsen ƙasa, na sama suka gangaro, suka karya murjani mai rassa, ɗaya ya daki gilashin gaba ya bar masa tabo. Allah ya tsare bai tsage ba. Wanda ke sayar da wannan kifi ya san halinsa sarai, kuma gyaran ba wuya: duwatsu su fara zama a kan gilashin ƙasa, a ɗaure na sama da gam mai kamawa cikin ruwa, sannan a zuba yashi mai laushi santimita 8 zuwa 10. Da na kira su, cewa suka yi haka kifin yake.

Shi kansa kifin ba na ganin laifinsa. Ba ya faɗa da sauran kifaye, kuma yashin da yake juyawa ba ya kwantar da datti. Sai dai murjanin da ke zaune a ƙasa kullum a binne yake, dole a ɗaga shi sama, in ba haka ba ya ruɓe. A rufe tankin da murfi marar kafa, domin yana tsalle. Ƙananan jatan lande na ado kuwa ba su da tabbas a kusa da babba. Tankin da bai kai lita 200 ba, kada a saya masa. Kuma bayan duk wannan ɗawainiya, kansa kawai ake gani a bakin rami, sai lokacin abinci.