Gidan waya: a sayar ko a riƙe?

A ƙauyukan Jigawa wasiƙa ta kusa zama tarihi. Wayar hannu ta ɗauke saƙo, mai POS a bakin kasuwa ya ɗauke aikin tura kuɗi. Amma tsofaffin ma'aikatan gidan waya suna nan da ransu, fanshonsu kuma bashi ne a wuyan gwamnati. Hanyoyi biyu ake tafka muhawara a kansu.

Ta farko, a sayar da NIPOST, hukumar gidan waya ta ƙasa, ga 'yan kasuwa kamar yadda aka yi wa NITEL, tsohuwar ma'aikatar tarho ta gwamnati, wadda tare aka kafa su a 1985 da aka raba tsohuwar hukumar gidan waya da tarho, wato P&T. Baitulmali zai huta da ɗawainiya. Sai dai mai saye ba ya son bashin fansho, tsofaffin ma'aikatan NITEL sun sha jira shekara da shekaru kafin PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari, ta karɓi lamarinsu. Kuma ɗan kasuwa birnin Kano da Legas zai duba. Wa zai kai kaya Maigatari ko Gwaram a kan 'yar ribar da ba ta taka kara ta karya ba?

Ta biyu, a riƙe ta a raba lissafi: PTAD ta ci gaba da biyan 'yan tsohon tsari, masu aiki yanzu su zauna a adashin fansho na 2004, wanda tun gyaran 2014 ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10. Wannan ta fi tsada. Ni dai ita na zaɓa, muddin kason gwamnati na shiga asusun ma'aikaci kowane wata, a kuma mai da ofisoshin karkara wurin karɓar kayan da ake saye ta intanet.