Kwana biyar ina koyon fitar da turba

Turbar da ke gangarawa daga unguwarmu zuwa garkata a fadamar Gulbin Maraɗi, duk watan Agusta sai ta koma kwazazzabo. Mu cika ta da ƙasa, ruwa ɗaya ya kwashe. Shi ya sa da na ji wata ƙungiya za ta koyar da fitar da turba da kula da ita, na biya kuɗina na shiga. Kwana biyu a aji, uku a fili wajen Madarunfa.

Kwana ukun nan na fili su suka biya ni. Malamin ya tsai da ni bisa wani tudu ya ce in nuna inda zan bi da turba. Na miƙe sak daga sama zuwa ƙasa. Ya ce, "Malam, nan ne ruwa ma zai bi, kuma ya fi ka ƙarfi." Sai ya nuna mana yadda ake ratsa gangara a karkace. Saukar turba kada ta wuce rabin saukar tudun: in tudu yana sauka mita 20 cikin 100, turba ta tsaya a 10 ko ƙasa da haka. Doronta a ɗan kwantar da shi waje, kamar santimita 5 a kowace mita, don ruwa ya tsallake maimakon ya bi ta. Can da can kuma a yi ɗan kwari da zai fid da ruwan gefe tun bai taru ba. Awon duka da tiyo mai ruwa da sanda biyu muka yi, irin na masu jera duwatsu a gona. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don ba abin da sai an aiko daga Yamai.

Inda raina bai kwanta ba shi ne littafin da aka raba. Faransanci ne zalla, hotunansa kuma na ƙasar duwatsu. Mu nan jigawa ce, rairayi ne, dutse sai ka sayi tifa. Wani dattijo cikinmu ne ya ce, "Ɗana, ku dasa gamba a baki, saiwarta na riƙe ƙasa." Malamin ya karɓa ba gardama, amma kamata ya yi a ce da maganar gamban aka zo. Maganar amalanke kuwa ba a taɓa ta ba sam, alhali tayarta ce ke fara tsaga wa ruwa hanya.

Na sake fitar da tawa turbar kafin damina. Ta tsaya. Kwari biyu sun cika da rairayi, na kwashe da shebur cikin hantsi ɗaya. Wurin da amalanken masu tumatir ke juyawa ne ya sake cinyewa, kuma shi nake son in kai malamin ya gani da idonsa. Wanda zai shiga, ya nemi a yi masa bayani da Hausa tun ranar farko, ya kuma zo da hoton tasa gangarar a waya.