Bulon wasan yara a Akra: LEGO, 'yan China da na gwanjo

Wanda ya fita neman bulon wasan yara a Akra, ƙananan robobin nan masu ƙusoshi a kai da ake harhaɗawa a gina gida ko mota, zai tarar kasuwar ba ta kamfanin LEGO ba ce. Sunansa ne dai a bakin kowane mai shago, amma kwalayen da ke jere na China ne. Yarana sun samu iri uku a lokuta daban-daban: sabon LEGO, sababbin 'yan China, da tsohon LEGO na gwanjo. Yanzu duk suna cikin bokiti ɗaya a ɗakinmu a Maamobi, sun sha hannu, sun sha taku, don haka ina da abin faɗa.

Sabon LEGO akwai shi, sai dai nemansa aiki ne. Kamfanin na Billund ne a ƙasar Denmark, tun 1932, kuma yana da masana'antu a Hungary da Jamhuriyar Czech da Meziko da China da Vietnam, amma ba shi da ko ɗaya a Afirka. Yana dai da kantuna na musamman can Afirka ta Kudu. A nan sai dai ki dace da 'yan kwalaye a manyan kantunan wajen Accra Mall ko Osu, ko wurin masu talla a Jiji da Instagram waɗanda suka shigo da shi cikin akwatinsu. Tun da kantin Game ya rufe rassansa a ƙarshen 2022, wuraren neman kayan wasa na waje suka ƙara raguwa. A shekarar ce kuma sidi, kuɗin Gana, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, duk abin da ake saye da dala ya fi ƙarfin mai albashi. Nawa kwalin ma ba saye na yi ba. Yayana da ke Bronx a Amurka ne ya aiko da wata 'yar motar kashe gobara ta hannun wani mai zuwa gida. Da na ga kuɗin da ake sa wa irinta a nan, na kira shi na ce, "Yaya, da ka sani kuɗin ka turo, da buhun shinkafa muka saya." Dariya kawai ya yi.

Ingancinta kuwa ba a magana. Bulo yana shiga ɗan'uwansa da 'yar ƙara, ya riƙe, kuma yaro ɗan shekara shida yana iya cire shi da yatsunsa. Littafin haɗawa hotuna ne zalla, mataki-mataki, ba sai an iya Turanci ba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba, har da rara. Aibinta ɗaya: ƙarama ce. Kafin la'asar an gama gina ta, an rushe, ana tambayata ina sauran.

Mutane da yawa suna ɗauka duk bulon da ba LEGO ba jabu ne. Ba haka ba ne. Kamfanin ya yi rajistar fasahar bulonsa a 1958, wa'adin rajistar ya ƙare tuntuni, kuma a 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce ba zai mallaki siffar bulon shi kaɗai ba. Shi ya sa Cobi na Poland, da Mega na kamfanin Mattel, da Sluban da Sembo da Wange na China suke yin nasu da awo ɗaya, milimita 8 daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ta kusa da ita, kowa yana hawa kan kowa. Abin da doka ta hana shi ne kwafar kwali da zane da tambari, kamar yadda wani kamfani mai suna Lepin ya yi har 'yan sandan China suka rufe shi a 2019. Ɗan mutum-mutumin LEGO ma har yanzu yana da kariya, shi ya sa za ki ga na wasu kamfanonin da kai ko ƙafa wani iri.

To, a cikin 'yan Chinan ne ake gasar gaskiya, kuma nan ne mai saye zai buɗe ido. Yawancinsu daga Shantou suke fitowa, a lardin Guangdong, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema su bazu kasuwar Makola da China Mall da teburan bakin titi, musamman gab da Sallah da Kirsimeti. Kashi biyu ne. Akwai masu sunan kamfani da adireshi da lambar kaya a jikin kwali. Na sayi Sluban ɗaya, jirgin sama mai saukar ungulu, kuma ban yi da-na-sani ba. Riƙonsa ya ɗan fi na LEGO tauri, sai babba ya taimaka wajen raba sirara, amma abin da aka gina yana tsayawa ko an ɗauke shi an zaga tsakar gida da shi. Kuɗin ƙaramin kwalin LEGO ɗaya zai sayi irinsa da dama, kuma a wurin yaro yawan bulo shi ne wasan.

Sai kuma marasa suna, masu ƙaton kwali da hoton jarumin fim a gaba. Na ɗauki ɗaya a kasuwa, mai teburin tana ta cewa, "Hajiya, wannan orijinal ne, ɗauki ki gani." Da aka buɗe, rabin kwalin iska. Robar tana wari, gefunanta da kaifi, launin ja ma kala biyu. Wani bulon in an sa shi sai ya zame kamar takalmin aro, wani kuma in ya shiga sai an sa haƙori, abin da ba na so ko kaɗan ga yaro. Taya ɗaya babu, kuma ba wanda za a koma wa. Arha ba ta ado, in ji masu magana, amma wannan ko wasan ma ba ta yi ba. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya na zubar, don suna ɓata ginin sauran: bulo ɗaya marar riƙo a ƙasan bango ya isa ya rushe gidan duka, yaro kuma ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na gwanjo. A wajen kasuwar Kantamanto da kewayenta, masu buɗe dilar tsofaffin kayan wasa sukan ƙulla bulo a leda, gauraye, babu littafi babu kwali. Ganewa ba wuya: na ainihi yana da sunan LEGO rubuce a kan kowace ƙusa, ƙanana ƙwarai, sai an kai shi haske. Na tsuguna na tona, na zaɓi ledar da suka fi yawa. Tun 1963 kamfanin yake amfani da roba mai ƙarfi da ake kira ABS, don haka bulon da ya girmi uwar yaron ma yana riƙe sabo tsaf. Na wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan, kamfanin da kansa ya ce kada zafin ya wuce digiri 40, na shanya a inuwa, don rana tana sa farare su koma ruwan ɗorawa. Matsalar ita ce sa'a: yau akwai, gobe babu, kuma tun gobarar da ta cinye kasuwar a Janairun 2025 wasu masu kayan suka sauya wuri. Rashin littafin kuwa alheri ya zama. Babbar 'yata ta gina trotro, motar hayar nan, da su, har da ɗan kwandasta a rataye a ƙofa, abin da babu kwalin da ke koyarwa, na Denmark ko na China.

Mai jariri ko ɗan ƙasa da shekara uku ta bar duk waɗannan, haɗiye su ake yi. Manyan ake nema, irin Duplo ko Mega Bloks, kuma su ma gwanjonsu ya fi sauƙin samu fiye da sabo. Faffaɗan farantin da ake gini a kai shi ne abin da ba zan taɓa saye na LEGO ba, na China mai suna yana yin aikin. Ki dai tafi kasuwa da bulo biyu na ainihi a jaka, ki gwada su a kan farantin a gaban mai shago kafin ki tura masa kuɗi ta waya, MoMo.