Omega Speedmaster mai inji 3861: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Wanda ya fara ɗaura Speedmaster yakan zaci agogon ya mutu, don doguwar allurar tsakiya tana tsaye cak a kan 12. Lafiyarsa ƙalau. Sakan na yau da kullum yana cikin ƙaramar da'irar da ke wajen ƙarfe 9. Doguwar kuwa ta awon lokaci ce, ba ta motsi sai ka danna madannin sama. Ka sake dannawa ta tsaya, madannin ƙasa ya mai da ita gida. Da'irar ƙarfe 3 tana ƙirga minti 30, ta ƙarfe 6 awa 12.

A nan ake kama jabu, kuma jabunsa ya yi yawa a Accra. Ka kunna awon, ka bar shi ya wuce minti biyu, ka tsayar, ka mayar. Dole allurai ukun su faɗa kan sifiri daidai, ba kusa da shi ba. Ka kuma zuba wa tafiyar doguwar ido: injin yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a sakan, shi ya sa take tafiya a hankali kamar ana jan ta. In tana tsalle sau ɗaya a sakan, batir ne a ciki, ka ajiye musu kayansu.

A garin Biel na Suwizalan ake ƙera shi, faɗinsa milimita 42, kuma ba ya yi wa kansa wani, sai an murza shi da hannu. Kowace safiya ka cire shi daga hannu, ka murza kan da ke gefe har ka ji ya cije, sai ka tsaya nan. Cikakken wani yana kai awa 50. Abin da ya fi burge mu a 3861, wanda ya gaji tsohon inji 1861 a 2021, shi ne siririn sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke daidaita bugun: na silikon ne, maganaɗisun lasifika ko na murfin waya ba ya rikita shi. Ma'aunin kamfanin shi ne kada ya yi latti ko kaɗan, kada kuma ya yi gaba fiye da sakan 5 a rana. Sannan in ka ja kan waje sakan yana tsayawa, ka saita daidai. Tsohon injin bai da wannan.

Lambobin zoben baki na auna gudun mota ne. A hanyar Accra zuwa Tema, fasinja ya danna a farkon kilomita, ya tsayar a ƙarshenta: sakan 36 ya nuna 100, sakan 30 ya nuna 120.

Gilashin samfurin asali na roba ne, irin wanda aka je da shi wata a 1969. Ba ya tarwatsewa, amma yana saurin karcewa. Da hunturu kada ka goge ƙura da hannun riga, ka hure ta tukuna. Mai son ganin inji ta baya sai ya ɗauki mai gilashin saffir.

Rauninsa a garinmu danshi ne. Kamfanin ya ce yana jure ruwa har zurfin mita 50, amma kan ba ya ɗaurewa kamar noti, zoben roba ne kawai ke tare ruwa, zafi da gumi kuwa suna cin roba. Cire shi lokacin alwala ya fi, kuma kada a taɓa madanni da jiƙaƙƙen hannu. Ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, ranar za ka kai shi, kafin tsatsa ta kama ƙafafun inji.

Masu gyaran agogo na unguwar Nima a Accra gwanaye ne a kan batir da maɗauri, amma wannan injin yana son mai na musamman, ɗigo kamar kan allura a wuraren da aka ƙayyade. Wanki duk shekara 5 zuwa 8, wurin wanda ke da kayan gwajin ruwa da sabbin zobban robar Omega. Ba ya nuna kwanan wata, mai buƙatar wannan ya sani tun kafin ciniki.