Achtung Baby na U2, bayan sati uku ina saurare

Wani abokina ne ya ba ni aron CD ɗin nan na U2, ƙungiyar mawaƙan rock ta ƙasar Ireland, ya daɗe yana damuna da maganarsa. Ni kuwa U2 ɗin da na sani su ne na kundin The Joshua Tree na 1987, jita tana fita tas tas, mawaƙinsu Bono yana buɗe murya kamar mai wa'azi a filin idi. To ina sakawa waƙar farko Zoo Station ta fara, sai na ji wani gurnani, ganga kamar ana dukan tsohon duro, muryar kuma kamar daga rediyon da batirinsa ya yi sanyi, wallahi sai da na tashi na duba ko wayar sifika ce ta kwance. Ashe da gangan suka yi shi haka.

Dama bayan kundinsu Rattle and Hum na 1988 masu sharhi sun yi musu caa, wai sun cika ɗaukar kansu da girma suna kwaikwayon kiɗan Amurka. Shi ne a Oktoban 1990 suka tattara suka tafi Berlin, situdiyon Hansa, daidai lokacin da Jamus ta Gabas da ta Yamma suke haɗewa. Can ma abin bai zo da sauƙi ba, Bono da The Edge mai jita suna son sautin inji da kiɗan rawa irin na Turai, Larry Mullen mai ganga da Adam Clayton mai bes suna jan ƙafa, saura ƙiris ƙungiyar ta watse kafin waƙar One ta zo musu. A Dublin suka ƙarasa aikin tare da furodusoshi Daniel Lanois da Brian Eno, ya fito a Nuwamban 1991.

Abin da ya kama ni gaskiya ba hayaniyar ba ce, abin da ke ƙarƙashinta ne. Sai a ji na huɗu ko na biyar na gane cewa duk ƙarar nan ciwo take lulluɓe da shi, cin amana, kishi, mutum biyu da suke son juna amma zama ya gagara. A lokacin auren The Edge yana mutuwa, kuma kana ji a hannunsa, musamman a waƙar ƙarshe Love Is Blindness, jitar ba daɗi take nema ba, kuka take yi. Ranar da na ji ta da dare da iyafis na daɗe zaune ban iya saka komai ba bayanta.

Inda bai min ba, a wasu wuraren an binne murya cikin kiɗa har kalmomin suna ɓacewa, sannan cikin waƙoƙi 12 ɗin akwai ɗaya wajen ƙarshe da nake tsallakewa, ta yi min laushi da yawa. Kuma a sifikar waya bai fita ko kaɗan, bes ɗin Adam Clayton duk sai ya tafi.

Jiya na mayar wa abokina nasa, na riga na ba da sautu a sayo min nawa.